Ƙuri'a Biyu Tsakanin Jamhuriya da Daula: Abin da Ya Kai Amurka Ƙetaren Teku a 1898

Ranar 6 ga Fabrairu, 1899, Majalisar Dattawan Amurka ta zauna domin kaɗa ƙuri'a kan yarjejeniyar sulhun da aka ƙulla da Sifaniya a birnin Paris. Yarjejeniyar ta miƙa wa Amurka tsibiran Filifin da Puerto Rico da Guam, ita kuma Amurka za ta biya Sifaniya dala miliyan 20. Kundin tsarin mulkin ƙasar ya shar'anta cewa yarjejeniya da wata ƙasa ba ta tabbata sai da amincewar kashi biyu cikin uku na sanatocin da suka halarta. Da aka ƙirga, 57 suka amince, 27 suka ƙi. Da sanatoci biyu kacal sun sauya sheƙa, da yarjejeniyar ta faɗi. Bayan kwana takwas aka gabatar da wani ƙuduri da zai yi wa mutanen Filifin alkawarin 'yancin kai. Ƙuri'a ta yi kunnen doki, 29 da 29, mataimakin shugaban ƙasa Garret Hobart ya raba gardama da ƙin amincewa.

Littattafan tarihi sukan jero dalilan wannan sauyi a layi ɗaya: masana'antu sun bunƙasa suna neman kasuwa, ƙasar noma ta ƙare a yamma, rundunar sojin ruwa tana buƙatar tashoshi, aƙidar fifikon farar fata ta yaɗu, jaridu sun hura wuta. Kowane ɗaya daga cikinsu gaskiya ne. Illar jerin ita ce yana sa mai karatu ya ɗauka cewa abin da ya faru ƙaddara ce da babu makawa. Alƙaluman ƙuri'ar da ke sama sun ƙaryata haka. Waɗannan dalilai busasshiyar ciyawa ne, ciyawa kuwa ba ta kunna wa kanta wuta. Wutar ta fito ne daga wasu mutane ƙalilan da suka daɗe da shirinsu a hannu, suka hau kan yaƙin da jama'a suka goyi baya saboda tausayi, suka kuma tabbatar cewa an riga an mallaki ƙasashen kafin a tambayi majalisa ko tana so.

Keɓe kai daga wa?

Kafin a tambayi abin da ya sa Amurka ta bar manufar keɓe kai, ya dace a tantance abin da manufar ta ƙunsa. A jawabinsa na bankwana a 1796, George Washington ya gargaɗi 'yan ƙasarsa da su guji ƙawancen dindindin da ƙasashen waje, don kada rigingimun Turai su zama nasu. A 1823 Shugaba James Monroe ya ƙara wa wannan katanga tsayi: Amurka ba za ta tsoma baki a sha'anin Turai ba, Turai kuma kada ta sake kafa sabon mulkin mallaka a nahiyoyin Amurka biyu. Iyakar keɓewar ke nan. Daga Turai da yaƙe-yaƙenta aka keɓe.

A nahiyarta kuwa, Amurka ba ta taɓa daina cin ƙasa ba. A 1803 ta sayi yankin Louisiana daga Faransa a kan dala miliyan 15, girmanta ya kusa ninkawa. Dokar 1830 ta tashi ƙabilun 'yan asalin ƙasar daga kudu maso gabas, aka kora su yammacin kogin Mississippi. Yaƙin 1846 zuwa 1848 ya raba Meziko da kusan rabin ƙasarta. A 1867 aka sayi Alaska daga Rasha a kan dala miliyan 7.2. Abin da ya hana Amurkawa kiran wannan mulkin mallaka wata ƙa'ida ce da suka yarda da ita: duk yankin da aka ci, fararen fata za su cika shi, daga baya ya zama jiha mai ƙuri'a da wakilci daidai da tsofaffin jihohi, mutanen da aka tarar a wurin kuma a ture su gefe. Sabon abu a 1898 shi ne karɓar ƙasa kamar Filifin, mai mutane kimanin miliyan bakwai, wadda babu mai niyyar mai da ita jiha, a mulke ta daga nesa ba da yardar mutanenta ba.

Shekaru talatin na ƙi

Kwaɗayin tsibirai ya girmi 1898 da nisa, kuma tarihin yadda aka yi ta taka masa burki shi ne hujja mafi ƙarfi a kan masu cewa babu makawa. A 1867 sakataren harkokin waje William Seward ya ƙulla cinikin wasu tsibirai biyu na Denmak a tekun Karibiyan, amma Majalisar Dattawa ta bar yarjejeniyar ta mutu a kan teburi. A 1870 Shugaba Ulysses Grant, gwarzon yaƙin basasa, ya sa dukan nauyinsa wajen haɗe Santo Domingo da Amurka. Ƙuri'a ta tsaya 28 da 28, magana ta watse. Amurka ta aika wakilai taron Berlin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka tsara ƙa'idojin rabon Afirka, amma Shugaba Grover Cleveland ya ƙi miƙa takardar taron ga majalisa domin amincewa.

Batun Hawai ya fi duka fitowa fili. Masu gonakin rake 'yan asalin Amurka sun riƙe tattalin arzikin tsibiran, kuma tun 1876 sukarinsu yana shiga Amurka ba haraji. Dokar harajin kwastan ta 1890 ta cire wa sukarin kowace ƙasa haraji, ta kuma ba manoman cikin Amurka tallafi, sai fifikon Hawai ya ɓace. Hanyar da ta rage wa masu gonakin ita ce tsibiran su zama yankin Amurka. A Janairun 1893 suka hamɓarar da Sarauniya Liliuokalani, da taimakon jakadan Amurka John Stevens wanda ya sauko da sojoji daga jirgin yaƙi. Duk da haka, da Cleveland ya dawo mulki a watan Maris, ya janye yarjejeniyar haɗewar daga majalisa, ya sa aka yi bincike, ya kuma bayyana cewa an zalunci sarauniyar. Masu kwaɗayi suna nan, masu kuɗi suna nan, amma katangar kashi biyu cikin uku ta tsaya daram.

Abin da ya busar da ciyawa

Shekarun 1890 sun kawo abubuwa huɗu da suka raunana wannan katanga.

Na farko tattalin arziki ne. Zuwa 1890 Amurka ta wuce Birtaniya wajen narka ƙarfe. A 1893 kuwa kasuwa ta rufta: bankuna kimanin 500 da kamfanoni kimanin 15,000 suka durƙushe a shekara guda. A 1894 yajin aikin ma'aikatan Pullman ya tsayar da jiragen ƙasa har sai da aka fito da soja. Manya da yawa suka yanke cewa cutar ita ce ƙasar tana ƙera abin da ya fi ƙarfin cikinta, maganin kuma kasuwar waje, musamman ƙasar Sin. Masana irin su William Appleman Williams da Walter LaFeber sun gina bayaninsu a kan wannan. Sai dai a lokacin, abin da Amurka ke kai wa Sin bai wuce kashi 2 cikin 100 na kayan da take fitarwa ba. Kasuwar Sin mafarki ce, amma mafarki ma yana tafiyar da siyasa idan masu iko suka yi imani da shi.

Na biyu tsoro ne. Hukumar ƙidayar jama'a ta bayyana, bayan ƙidayar 1890, cewa babu sauran wani layi a yamma da za a kira bakin ƙasar da ba a zauna ba. A 1893 masanin tarihi Frederick Jackson Turner ya yi bayanin cewa wannan sarari na yamma shi ne ya ƙera halin Ba'amurke da dimokuraɗiyyarsa, abin da ya sa masu sauraro tambayar makomar ƙasar tunda sararin ya ƙare. A waje kuma ƙofofi suna ta rufewa. An gama yanka mafi yawan Afirka. Japan ta doke Sin a 1895, Jamus ta kama tashar Jiaozhou a ƙarshen 1897, Rasha ta karɓi Port Arthur a Maris na 1898. Wanda ya zo a makare yana ganin kowa ya cika tulunsa.

Na uku jiragen ruwa ne. A 1883 majalisa ta amince a ƙera jiragen yaƙi na ƙarfe na farko, a 1890 kuma ta amince da manyan jirage uku. A wannan shekara Kyaftin Alfred Thayer Mahan ya wallafa littafinsa kan tasirin ƙarfin teku a tarihi. Hujjarsa sarƙa ce mai haɗe da juna: ciniki yana buƙatar jiragen kaya, jiragen kaya suna buƙatar jiragen yaƙi su tsare su, jiragen yaƙi na tururi kuma suna buƙatar tashoshin ɗibar kwal a tsakiyar teku. Da zarar an gina rundunar, tsibirin da jiya ake gani ado ya koma larura.

Na huɗu aƙida ce. A 1885 wani malamin coci, Josiah Strong, ya fitar da littafin da ya karɓu ƙwarai, wanda ya koyar da cewa an ɗora wa jinsin Ingilishi nauyin wayar da sauran duniya. A 1896 Kotun Ƙoli ta halatta wariyar launin fata a cikin gida. Ƙasar da ta saba hana miliyoyin baƙaƙen fatarta ƙuri'a ba za ta ga baƙon abu ba idan aka ce wasu miliyoyi a ƙetare ba su isa mulkin kansu ba. Sai dai wannan takobi kaifi biyu gare shi, domin sanatoci irin su Benjamin Tillman sun ƙi karɓar Filifin ne don gudun shigar da ƙarin mutanen da ba farare ba cikin ƙasar.

Duk waɗannan huɗu sun hallara a 1897. A shekarar Shugaba William McKinley ya sake aika yarjejeniyar haɗe Hawai majalisa, 'yan asalin tsibiran fiye da 21,000 suka sa hannu a takardar ƙin amincewa, kuma har shekara ta fita ba a sami kashi biyu cikin uku ba. Ciyawa ta bushe, amma ba ta kama ba.

Ƙofar Kyuba

Wutar ta zo ta hanyar da ba ta da alaƙa da Sin ko kwal. A Fabrairun 1895 mutanen Kyuba suka tayar wa Sifaniya, ƙarƙashin jagorancin José Martí da abokansa. Janar Valeriano Weyler ya mayar da martani ta hanyar tattara mutanen karkara a sansanoni, inda yunwa da cuta suka kashe fiye da mutum 100,000. Jaridun William Randolph Hearst da Joseph Pulitzer sun ƙara gishiri don su sayar, amma wahalar gaske ce, tausayin Amurkawa ma gaske ne. Ranar 15 ga Fabrairu, 1898, jirgin yaƙin Amurka Maine ya tarwatse a tashar Havana, mutum fiye da 260 suka mutu. Aka ɗora wa Sifaniya laifi. Binciken da Admiral Hyman Rickover ya jagoranta a 1976 ya karkata ga cewa daga cikin jirgin wutar ta tashi.

Manyan 'yan kasuwa da yawa ba su so yaƙin ba da farko, domin kasuwa ta fara farfaɗowa, kamar yadda masanin tarihi Julius Pratt ya nuna tun 1936. Majalisa kuma, da za ta ba da izinin yaƙi a Afrilu, ta haɗa da sharaɗin Sanata Henry Teller, wanda ya ce Amurka ba ta da niyyar mallakar Kyuba, za ta bar tsibirin ga mutanensa. Yaƙin ceto jama'a suka amince da shi. Amma Kyuba kaɗai sharaɗin ya ambata.

Wannan giɓi ne masu shiri suka bi. Theodore Roosevelt, mataimakin sakataren sojin ruwa, da amininsa Sanata Henry Cabot Lodge, sun daɗe da rungumar ra'ayin Mahan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar 25 ga Fabrairu, wata biyu kafin a ayyana yaƙi, Roosevelt ya buga wa Kwamanda George Dewey waya cewa ya tara jiragensa a Hong Kong, ya cika su da kwal, ya shirya faɗa wa Filifin. Rundunar ruwa ta riga ta tsara wannan hari, McKinley kuma bai soke umarnin ba. Ranar 1 ga Mayu Dewey ya nutsar da jiragen Sifaniya a gaɓar Manila. Yaƙin da aka fara don Kyuba ya sami nasararsa ta farko a ɗaya gefen duniya.

Daga nan kowane mataki ya zama hujjar na gaba. An tura sojan ƙasa Manila, don haka ana buƙatar zango a tsakiyar tekun Fasifik. A Yuli aka haɗe Hawai ta hanyar ƙudurin majalisu biyu, wanda rinjaye kawai yake buƙata, aka zagaye katangar da ta tsaya shekara biyar. 'Yan kasuwar da suka yi ɗari-ɗari suka fara kallon Manila a matsayin ƙofar Sin. Emilio Aguinaldo ya ayyana 'yancin Filifin ranar 12 ga Yuni, dakarunsa kuma sun riga sun ƙwace mafi yawan tsibirin Luzon, amma a Agusta aka shirya da Sifaniya ta miƙa Manila ga Amurkawa, aka hana 'yan ƙasa shiga birninsu. Da aka zo teburin sulhu, hujjar gwamnati ta zama cewa ba za a mayar da tsibiran ga Sifaniya ba, ba za a bar wa Jamus ba, mutanen kuma wai ba su isa riƙe kansu ba. Wanda ya san yadda Birtaniya ta kafa hujjar cin daular Sakkwato a 1903 da batun hana farautar bayi zai gane salon: ana shiga da sunan ceto, sai fita ta gagara.

Masu adawa ba ƙananan mutane ba ne. Ƙungiyar yaƙi da mulkin mallaka da aka kafa a Boston a 1898 ta tara tsohon shugaba Cleveland, attajirin ƙarfe Andrew Carnegie, shugaban ƙwadago Samuel Gompers, daga baya kuma marubuci Mark Twain. Sanata George Hoar, ɗan jam'iyyar McKinley, ya tsaya kan cewa jamhuriyar da aka kafa bisa yardar waɗanda ake mulka ba ta da ikon sayen mutane. Abubuwa biyu suka karya su. Jagoran adawa William Jennings Bryan ya shawarci sanatocin jam'iyyarsa su amince, da lissafin cewa a gama yaƙi tukuna, a ba Filifin 'yanci daga baya. Sannan a daren 4 ga Fabrairu, kwana biyu kafin ƙuri'a, faɗa ya ɓarke tsakanin sojan Amurka da dakarun Aguinaldo a wajen Manila. Sanatoci suka kaɗa ƙuri'a ana kawo labarin gawawwaki.

Farashi

A yaƙi da Sifaniya, Amurkawan da suka mutu a fagen fama ba su kai 400 ba. A yaƙin murƙushe Filifin, daga 1899 zuwa 1902, sojan Amurka fiye da 4,000 suka mutu, da mayaƙan Filifin kimanin 20,000, da fararen hula aƙalla 200,000, akasarinsu saboda yunwa da annoba. A lardin Batangas, Janar Franklin Bell ya tattara mutanen karkara a sansanoni, wato abin da aka yaƙi Weyler a kansa. A kudu, inda Musulmin Moro suke, faɗa ya ci gaba shekaru, har a Maris na 1906 aka kashe ɗaruruwan maza da mata da yara a ramin dutsen Bud Dajo da ke tsibirin Jolo. Mutanen Filifin sun yi gudun gara sun faɗa gidan zago.

Kyuba ta tsira daga haɗewa albarkacin sharaɗin Teller, amma a 1901 aka tilasta mata sanya sharaɗin Platt a tsarin mulkinta, wanda ya ba Amurka ikon tsoma baki da soja, a 1903 kuma ta ba da hayar Guantanamo. Jamhuriyar ita kanta ta biya nata kason. A shari'o'in da ta fara yankewa a 1901, Kotun Ƙoli ta ƙirƙiro wani matsayi na yankin da Amurka ta mallaka amma bai zama cikakken ɓangarenta ba, inda kundin tsarin mulki ba ya aiki gaba ɗaya.

Hujjar masu cewa babu makawa

Akwai mai cewa ƙasa mai irin wannan ƙarfi, ko ba a 1898 ba, dole wata rana ta fito. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta. Tafiyar jirgin yaƙi Oregon, wanda ya yi fiye da wata biyu yana zagaye Kudancin Amurka kafin ya iso fagen fama, ta isa ta sa a haƙa mashigin Panama ko wane ne ke mulki. Amma fitowa daban, mallakar mutane daban. A 1899 sakataren harkokin waje John Hay ya nemi manyan ƙasashe su bar ƙofar cinikin Sin a buɗe ga kowa, ba tare da Amurka ta karɓi ko taƙi ɗaya na ƙasar ba. Bayan 1899 Amurka ba ta sake haɗiye wata babbar ƙasa mai jama'a ba. Ta koma ga sansanoni da bashi da sauke soja na ɗan lokaci. A 1934 majalisa ta yi dokar da ta kai ga 'yancin Filifin a 1946, kuma cikin masu matsa lamba har da manoman Amurka da ke son a rufe wa sukari da man kwakwar tsibiran ƙofa. Tattalin arzikin da aka ce shi ya tilasta mallakar, shi ne ya taimaka wajen sakin ta.

Darasin bai tsaya a ƙarni na sha tara ba. Idan babbar ƙasa ta ce ta gaji da duniya, za ta koma gida, abin dubawa shi ne jiragen da take ƙerawa da tsare-tsaren da ke aljihun hafsoshinta, domin Amurka ta gina rundunarta ne a shekarun da majalisarta ke ƙin tsibirai. Idan kuma aka kira jama'a zuwa yaƙin ceto, abin tambaya shi ne wane alkawari aka rubuta, kuma sunan wa aka ambata a ciki. An rubuta sunan Kyuba, ta sami tutarta a 1902, ko da da igiya a wuya. Ba a rubuta na Filifin ba, ta jira har 1946. Ba a rubuta na Puerto Rico ba, kuma har yau mazaunanta fiye da miliyan uku, waɗanda aka ba takardar zama 'yan ƙasa tun 1917, ba su da ƙuri'a a babban zaɓen shugaban ƙasar da ke mulkinsu.